Soyayya da leƙen asiri: Kano a zamanin Yaƙin Hitila

Daga cikin ƙagaggun labaran da suka fi samun kasuwa a Turai da Amurka akwai wani nau'i da ke ɗaukar wani yaƙi da aka yi da gaske, ya sanya ɗan leƙen asiri a tsakiyarsa, sannan ya haɗa shi da wadda yake so.

Abin da ke riƙe mai karatu a irin wannan labari shi ne amana. Aikin ɗan leƙen asiri ɓoye gaskiya ne, ita kuwa soyayya ba ta ɗorewa sai da gaskiya. Saboda haka dole a kai wani matsayi da jarumin zai ci amanar ƙasarsa ko kuma ta masoyiyarsa.

Akasarin waɗannan labarai an gina su ne kan Yaƙin Duniya na Biyu, na 1939 zuwa 1945, wanda Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila.

Afirka a cikin labaran

Wasu daga cikin fitattunsu a nahiyar Afirka suka faru. Fim ɗin Casablanca na 1942 ya gudana ne a Maroko. Littafin The Key to Rebecca da Ken Follett ya fitar a 1980 ya samo tushe daga wani ɗan leƙen asirin Jamus, Johannes Eppler, wanda aka ratsa Sahara da shi zuwa Masar a 1942. Mutumin da ya yi masa jagora a hamadar, László Almásy, shi ne Michael Ondaatje ya ari sunansa a littafin The English Patient na 1992, wanda fim ɗinsa ya ci kyautar Oscar tara.

Wanda ya fi kusa da gida shi ne Graham Greene. Shi kansa ya yi wa Birtaniya aikin leƙen asiri a Freetown ta ƙasar Saliyo lokacin yaƙin, kuma a 1948 ya fitar da The Heart of the Matter, labarin wani hafsan 'yan sanda Bature da bashi da soyayyar wata matashiya suka jefa shi hannun wani ɗan kasuwa mutumin Sham da ake zargi da fasa-ƙwaurin lu'ulu'u.

A waɗannan labarai dai galibi Turawa ne ke so, su ne ke ha'inci. 'Yan Afirka galibi barori ne ko direbobi.

Kano a bakin iyaka

Sai dai kuma Kano ba 'yar kallo ba ce a wancan yaƙi.

Bayan da Jamus ta ci Faransa da yaƙi a watan Yunin 1940, ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, har da Nijar, sun bi gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Hitila. Chadi kuwa, a ƙarƙashin gwamna Félix Éboué, ta bi Janar de Gaulle a watan Agustan wannan shekara. Ke nan cikin 'yan makonni Maraɗi da Damagaram suka koma ɓangaren da Birtaniya ke yi wa kallon abokan gaba, alhali kuwa 'yan uwa ne da abokan cinikin Katsina da Daura da Kano, akwai auratayya a tsakani, fatake kuma sun san hanyoyin da Bature bai sani ba. Haka lamarin ya kasance har zuwa watan Nuwamban 1942.

Ba wasa ba ne a kama mutum da laifin kai wa Ingilishi rahoto. A watan Nuwamban 1941 hukumomin Vichy sun harbe wasu mutane uku a Dakar, ɗaya daga cikinsu ɗan Najeriya, bisa zargin yi wa Birtaniya aiki a Dahomey, wato Jamhuriyar Benin ta yanzu.

Abin da ya ƙara wa Kano muhimmanci shi ne filin jirgin sama. Da hanyar tekun Bahar Rum ta zama mai haɗari, sai Birtaniya ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Ghana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan a tuƙa su ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lamy, wato Njamena, da Khartum har zuwa Alƙahira. An fara wannan jigila a watan Satumban 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi wannan hanya. Jamusawa sun san da ita: a watan Janairun 1942 wani jirginsu ya ratso hamada daga Libiya ya jefa bama-bamai kan ma'ajiyar mai ta Fort Lamy.

A cikin wannan watan ne kuma wasu zaratan sojojin Birtaniya suka sace jiragen ruwan Italiya da Jamus daga tsibirin Fernando Po suka ja su zuwa Legas, bayan an yaudari hafsoshin jiragen da liyafa a cikin gari. Da aka mayar da labarin fim a 2024, sai aka ƙara masa wata kyakkyawar mace da ke jan hankalin wani babban Bajamushe. Wannan ƙari ne na masu fim, kuma irinsa ne ainihin sana'ar marubutan wannan fanni.

Bompai, Sharaɗa da Challawa

Wanda ya san Kano ta yau zai iya zaton unguwannin masana'antu su ne suka fi dacewa da irin wannan labari, ga manyan ɗakunan ajiya, ga baƙi, ga kaya na shiga da fita da dare. A nan ne marubuci ke iya yin tuntuɓe, domin a lokacin yaƙin babu ɗayansu da ke da siffar da aka san ta da ita.

Bompai tana cikin yankin da Turawan mulki suka keɓe wa kansu a wajen ganuwa, kuma sai a shekarun 1950 ta zama matattarar masana'antu ta farko a Kano. Sharaɗa ta biyo baya a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya yawaita, sannan Challawa. Abin da ke Challawa a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953, shi ne tashar ruwan famfo da ta lantarki da aka kafa a farkon shekarun 1930. Wannan kaɗai ma ya isa abin da maƙiyi zai sa wa ido.

Arzikin da ya haifi Bompai kuwa yana nan tun lokacin, wato gyaɗa da fata da jirgin ƙasan da ya iso Kano a 1911. Bayan da Japan ta ƙwace Malaya da tsibiran Indunusiya a 1942, Birtaniya ta rasa man girki da na sabulu da kuma kuza daga gabas, sai ta matsa wa Najeriya. Gwamnati ta karɓe ikon sayen gyaɗa da yanke mata farashi, aka kuma tilasta wa dubban talakawa aikin haƙar kuza a Jos daga 1942 zuwa 1944. A kasuwar Kano akwai kamfanonin Turawa, da 'yan Labanan da Sham, da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Inda aka ƙayyade farashi kuma aka rufe iyaka, fasa-ƙwauri ba ya rasa masu yi, kuma hanyar da kaya ke bi ita labari ke bi.

Shi kansa leƙen asiri ta hannun fatake tsohon abu ne a Kano. Tarihi ya adana rahotannin da Adamu Jakada ya riƙa aika wa Turawa kafin su ci birnin a 1903.

Adabin Hausa

A rubutun Hausa, yaƙi da soyayya sun fi tafiya ne kowanne a tasa hanya.

Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, wanda ya fito a 1934 bayan gasar da Rupert East ya shirya, ya taɓo yaƙin Turawa, amma labari ne na jarumtaka da aljannu. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tarihi ne na zamanin bauta, kuma ƙaunar da ke cikinsa ta uwa da ɗanta ce.

Shekarar 1980 ta kawo So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina. A 1982 shi Sulaiman ɗin ya fitar da Turmin Danya, kan 'yan fasa-ƙwauri da jami'an kwastan, Bature Gagare kuma ya fitar da Ƙarshen Alewa Ƙasa, labarin Mailoma, tsohon sojan yaƙin basasa da ya koma jagoran miyagu. Waɗannan biyu su ne suka fi kusantar duniyar makirci da bindiga.

Daga tsakiyar shekarun 1980 adabin kasuwar Kano ya mamaye fagen, da littattafai irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Rikicinsu na cikin gida ne, auren dole da kishi da bambancin mai kuɗi da talaka, kuma kusan kullum a zamanin marubucin suke faruwa. Labarin tarihi yana buƙatar bincike, da zama a gidan adana takardu na Kaduna ko Gidan Ɗan Hausa, abin da marubucin da ke buga littafinsa da kuɗin aljihunsa ba kasafai yake samun sukuninsa ba.

Littafin da ya sa Bahaushe a tsakiyar Yaƙin Hitila, kuma ya yi suna a duniya, da Turanci aka rubuta shi. Shi ne Burma Boy na Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, wanda ya fito a 2007. Jaruminsa Ali Banana yaro ne da ya yi ƙaryar shekaru ya shiga soja, aka kai shi dajin Bama, inda dubban 'yan arewacin Najeriya suka yi yaƙi da Japan. Bandele ya gina shi ne kan labaran da ya ji daga mahaifinsa, wanda shi ma ya je Bama.