Zuru da Korsika: ƙofar da kaki ke buɗe wa ɗan gefe

Duk wanda ya san barikin soja a Najeriya ya san sunan Zuru. Masarauta ce a kudancin Jihar Kebbi, ƙasar duwatsu da noman dawa, amma ta fitar da manyan hafsoshi fiye da yadda girmanta zai sa a zata. Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999. Ɗan'uwansa Manjo Janar Musa Bamaiyi ya riƙe hukumar NDLEA. Tanko Ayuba ya yi gwamnan soja a Kaduna. Manjo Janar Muhammadu Sani Sami kuwa ya mulki Jihar Bauchi daga 1984 zuwa 1985, daga baya ya ajiye kaki ya hau gadon sarautar Zuru.

An saba bayyana wannan da cewa jarumta a jininsu take. Masu faɗin haka sukan kafa hujja da sunan da Hausawa suka ba Lelna, wato Dakarkari, wanda ruwaya ke dangantawa da dakarun Kanta na Kebbi. Sukan kuma ambaci golmo, al'adar da saurayi ke shafe shekaru yana yi wa surukinsa noma tare da tsararsa kafin a ba shi mata. Lalle golmo makarantar juriya ce, mai shugabanni da horo, kuma wanda ya gama ta faretin bariki ba zai ba shi tsoro ba. Sai dai a ganina zancen jini bai isa ba.

Dubi Napoleon Bonaparte. An haife shi a tsibirin Korsika ranar 15 ga Agusta 1769, shekara guda bayan Jenowa ta miƙa tsibirin ga Faransa. Shi ma ɗan gefe ne. Ya shiga makarantar soja ta Brienne a 1779 da Faransanci mai gargada, yara na yi masa ba'a. Abin da ya fid da shi lissafi ne, domin shi ya kai shi sashen igwa, inda ake duba ƙwaƙwalwa fiye da asali. Ya zama hafsa a 1785 yana ɗan shekara 16. Juyin juya halin 1789 ya sa 'ya'yan masu sarauta da dama suka tsere daga rundunar, gurabe suka buɗe, bayan yaƙin Tulon a 1793 sai ga shi birgediya janar yana da shekara 24.

Samarin ƙasar Zuru sun daɗe suna jiran irin wannan gurbi. Turawan Ingila sun ɗebe su cikin rundunar Afirka ta Yamma da Lugga ya kafa a 1897, rundunar da ta yi yaƙi har Bama, amma a matsayin kurata. Ƙarshen burin baƙar fata a lokacin bai wuce saje-manja ba, komai jarumtarsa. Sai da 'yancin kai ya ƙarato, hafsoshin Ingila suka fara haɗa kayansu, aka nemi 'yan Arewa masu takardar makaranta su cike wurin. Sani Sami, wanda aka haifa a 1943, yana cikin wannan tsara: ya shiga soja a 1962, aka tura shi horo makarantar Mons a Ingila, ya dawo da anini a kafaɗa.

Ƙofar dai ba ta da tabbas. Napoleon ya naɗa kansa sarkin sarakuna a 1804, ya rasu a tsare a tsibirin Sent Helena a 1821. Ishaya Bamaiyi kuma an kama shi a 1999 bayan komawar mulkin farar hula, ya shafe fiye da shekara takwas a tsare kafin kotu ta wanke shi a 2008.