Tsohuwar Motar Rairayi: Tarihinta da Yadda Ake Tada Ta a Gida

Idan aka yi maganar kayan tarihin sarauta, abin da ke fara zuwa a zuciya shi ne tambari da takobi, da alkyabba da sirdin doki. Amma akwai wani abin hawa da ya yi wa sarakuna da talakawa bauta, ba a kuwa cika lissafa shi ba, watau motar rairayi. A ƙasar Korgom, kamar sauran ƙasar Tasawa da ta Mayahi, da zarar an sauka daga kwalta sai jigawa, kuma ba kowace mota ce ke fita daga jigawa da mutuncinta ba. Wadda ta iya, ita ce ta kai mai lamba ƙauye, ta kai likitan dabbobi rugar Fulani, ta ɗauko mai naƙuda da tsakar dare, ta raba tsaba a yunwar 1973 zuwa 1974 da ta 1984 zuwa 1985.

Tun farkon zamanin mota Turawa suka yi ta neman dabarar ratsa yashi. Ranar 28 ga Oktoba 1924 ayarin kamfanin Citroën, mota 8, ya taso daga Kolom-Beshar ta ƙasar Aljeriya bisa jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Motocin nan gabansu taya ne, bayansu kuwa wata ɗamara ce ta roba mai gudu bisa ƙananan gargare, don kada su nutse. Sun keto Sahara, suka biyo ta Yamai, suka sauka Tasawa a ƙarshen wannan shekara, inda Sarki Barmu ya karɓe su har aka ɗauki majigin fadarsa, kana suka wuce Damagaram da Tafkin Cadi. Sai dai waɗannan baƙi ne masu wucewa. Motar da ta zo ta zauna, sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka ƙera ta.

Ita ce Land Rover, wadda kamfanin Rover na Ingila ya fito da ita ranar 30 ga Afrilu 1948 a birnin Amsadam. Maurice Wilks ne ya tsara ta domin manoma. Da yake a lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, har gwamnati ce ke rabon sa, sai aka yi mata jiki da alminiyam, aka ɗora shi bisa shasi na baƙin ƙarfe. Abin da aka yi don dole, shi ya zama sirrin tsawon ranta, domin alminiyam ba ya tsatsa. Samfuri na biyu ya fito a 1958 da inji mai lita 2.25, na uku ya biyo a 1971 aka yi ta ƙera shi har 1985. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin ƙafafun gaba da na baya, akwai doguwa mai inci 109, wadda ita ce ta rangadi. Tsofaffin direbobi ba su manta da sandunan nan biyu da ke kusa da giya ba: mai rawayan kai, wadda ake dannawa ƙafa huɗu su ja tare, da mai jan kai, wadda ake jawowa baya idan yashi ya yi yashi.

Daga baya Toyota Land Cruiser ta Japan ta karɓe fage, da samfurin 40 da aka ƙera daga 1960 zuwa 1984, sannan samfurin 70. Ba ta cika zubar da mai ba, kayan gyaranta kuma sun fi samuwa. Da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, kuɗin duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka, sai masu tsofaffin motoci da dama suka ɗora su bisa duwatsu a bayan gida da niyyar gyara idan hali ya samu. Ita kanta Land Rover an daina ƙera tsohon fasalinta a masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairu 2016.

Motar da aka aje a ƙauye ba ta ruɓewa, cinye ta ake yi gaɓa-gaɓa. Maƙera na son ƙarfen sifirin ɗinta, don babu kamarsa wajen yin wuƙa da gatari. Masu zubin tukwane na son jikinta. Mai amalanken shanu yana son gindin da ƙafafun baya ke juyawa a kai, abin da ya rage kuma ƴan gwangwan su auna a sikeli. Babu laifin kowa a nan, sana'a ce, kuma ƙarfen bai tafi a banza ba. Amma motar da aka yi wa haka ta tafi ke nan, har da labarinta.

Wanda ya yi niyyar tada ta a gida, a ƙarƙashin inuwar bedi, ba daga fenti zai fara ba, ko da yake nan ne zuciya ke so. Daga shasi ake farawa. A ƙasar Turai gishirin hanya da danshi ke cin shasi. A nan busasshiyar iska ta kare shi daga wannan, sai dai gargada da lodi fiye da kima sun tsattsage shi, musamman a wuraren da sifirin ke rataye. Sai an sauke jiki, an kankare ƙasa da tsohon mai, an bi shi taƙi-taƙi, kafin a kira mai walda. Shasin da ya karkace, duk abin da aka ɗora masa daga baya asara ce. Bayansa sai bangon ƙarfe da ke tsakanin inji da direba, da duk inda alminiyam ya haɗu da baƙin ƙarfe, domin a nan ne yake yin wani farin gari ya huje.

Injin da ya shekara 20 bai juya ba, ba a tilasta shi. Ana cire buji, a zuba gazuwal kaɗan a kowane rami, a bar shi ya kwana da yawa, kana a gwada juya shi da hannu, da ƙarfen nan da ake sokawa ta gaba wanda a da ake tada ta da shi idan batir ya mutu. Wanda ya yi gaggawa ya sa aka ja ta da babbar mota, sau da yawa shi ke karya abin da shekaru ba su karya ba. Sannan a wanke tanki da karbirato, a duba tukunyar tace iska, wadda a tsofaffin nan mai ake zubawa a cikinta yana kama ƙura, dabarar da ta dace da ƙasar hunturu ƙwarai. Duk wani abu na roba kuwa, rana ta riga ta gama da shi: tiyo, bel, da robobin birki. Birki ba a yi masa kwaskwarima, sabo ake sawa, tun da rai ne a kai.

A nan ne zaman Korgom kusa da iyaka ke da amfani. Kusoshin tsohuwar Land Rover awon inci ne na Ingilishi, sifanun da ke hannun makanikai na wannan ɓangare kuwa awon milimita ne na Faransa; wanda ya matsa da su sai ya goge kan kusa. Don haka neman sifana da kayan gyara yakan kai mutum Katsina ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Shi ya sa makanikin ƙasar nan harshe biyu gare shi a aiki guda: ya ce buji ya ce fulogi, ya ce sudur ya ce walda, kuma babu wanda ya ruɗe.

Wani kuskure da ake yawan yi shi ne shafe shaidar mota da sunan gyara. A Ingila, kamfanin da kansa ya buɗe shirin sake gina samfurin farko a 2016, kuma abin da masu saye ke biya da tsada shi ne asali: lambar shasi, da launin farko, da takardu. Kafin a taɓa komai ya kamata a kwafe lambar da ke kan ƴar farantin ƙarfe a cikin mota, a adana kart-giriz ko da ta yage, a ɗauki hoton duk rubutun da ke jikin ƙofa, domin sau da yawa sunan ma'aikatar da ta fara mallakarta yana nan ƙarƙashin fenti na uku. Ko gefen da sitiyari yake shaida ne: Najeriya ba ta koma tuƙi a hannun dama ba sai ranar 2 ga Afrilu 1972, saboda haka mota mai sitiyari a dama, akwai alamar daga can ta ƙetaro, kuma ta girmi wannan rana. Sai kuma a nemi tsohon direbanta, ko karen motarta, tun suna raye, a aje musu rakoda, su faɗi wanda ta ɗauka, da inda ta kafe, da garin da aka fito aka tura ta.