Rana Ɗaya ta Mai Kaya: Darasi Daga Kundin Wani Minista

Hausawa kan ce zanen aro ba ya rufe katara. A fagen ilimi kuwa, da wuya mu sami abin da ya gaskata wannan karin magana kamar abin da ya auku a ƙasar Jamus cikin shekarar 2011.

Karl-Theodor zu Guttenberg shi ne Ministan Tsaron Jamus tun daga 2009, a gwamnatin Angela Merkel. Matashi ne mai farin jini, har wasu na hangen wata rana shi zai ja ragamar ƙasar. A 2007 Jami'ar Bayreuth ta ba shi digiri na uku a fannin shari'a, da daraja mafi girma.

Asirin ya tonu ne ta hannun wani malamin shari'a na Jami'ar Bremen, Andreas Fischer-Lescano, wanda ya ɗauki kundin domin ya yi masa sharhi. Da ya sanya wasu jimloli a intanet, sai ya tarar da su a rubuce-rubucen wasu mutane, kalma da kalma, ba tare da an ambaci masu su ba. Ranar 16 ga Fabrairu jarida ta buga labarin, ministan ya musanta. Daga nan sai masu karatu suka yi gayya, suka bi kundin shafi-shafi. A ƙarshe sun gano sata a shafuka 371 daga cikin 393. Hatta gabatarwar an ɗebo ta ne daga wata maƙalar jarida. Ranar 23 ga watan jami'ar ta karɓe digirinta, ranar 1 ga Maris kuma ya sauka daga muƙaminsa.

Abin lura a nan shi ne, kundin ya wuce ta hannun manyan malamai lafiya lau. Waɗanda suka kama ɓarawon mutane ne da suka iya yi wa rubutu tambaya: wa ya faɗi wannan, a ina, kuma yaushe? Wannan ƙwarewa ta tantance bayani ita ce garkuwar mai karatu, ko littafi ke hannunsa, ko jarida, ko waya.

Mu kuwa wannan tarbiyya ba baƙuwarmu ba ce. Malaman hadisi ba su karɓar magana sai da isnadinta. A 1812 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi, inda ya jero malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Ambaton su bai rage masa komai ba, sai ma ƙarin daraja.

Saboda haka, ya kamata mu da ke fama da rubutun kundi mu yi wa kanmu faɗa. Aro halal ne, muddin mun faɗi mai kaya. Na'urar da ta sauƙaƙa kwafe ita ce ta sauƙaƙa kamu, kuma kundi yana nan ajiye a laburare bayan mai shi ya zama wani. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.