Daga Filafili Zuwa Waya: Yadda Yaran Yauri Suka Zauna

Yau rubutun zai ɗan yi tsawo, a yi haƙuri a karanta har ƙarshe, musamman iyaye da malaman makaranta.

A watan Satumba na 2025 hukumar UNICEF ta fitar da rahoton cewa a karon farko a tarihi, yara 'yan shekara 5 zuwa 19 masu ƙiba fiye da kima sun fi masu rama yawa a duniya. Yankuna biyu kawai aka cire daga wannan lissafi, Afirka kudu da Sahara da kudancin Asiya. Na san wani zai ce, to ai shi ke nan, ba mu ciki, mu da muke fama da tsadar masara ina mu ina ƙiba? Ni kuma ina ganin muna kan hanya, kuma tarihin ƙasar Yauri kaɗai ya isa ya nuna mana haka.

Mu koma baya tukuna.

A shekarar 1830, Turawan nan 'yan gida ɗaya, Richard da John Lander, sun taso daga Busa zuwa Yauri cikin kwalekwale. Ku lura, ruwan Kwara daga wajenmu yake gangarawa Busa, ke nan hawa suka yi, suna gaba da ruwa. Ba inji, ba fetur. Damtsen mutanen kogi ne ya kawo su, da filafili da gora. Haka kakanninmu suka rayu shekaru aru-aru. Bagunge yana noman albasa a bakin ruwa, yana ɗibar ruwa da ƙwarya yana ban-ruwa kunya bayan kunya. Basarke yana jifan birgi, yana jan taru. Bakambare da Badukke suna tudu da garma da kwari da baka. Mace tana daka, tana surfe, tana ɗauko ruwa da itace, ranar kasuwa ta yi tafiyar ƙasa da kaya.

Yaro a wannan zamani ba a ce masa je ka motsa jiki, don babu ma wannan magana. Rayuwar ce gaba ɗaya motsi. Ɗan gungu yakan iya iyo tun yana ɗan mitsitsi, domin ruwa ne hanyarsa ta zuwa ko'ina. Da rana aikin gona ko kiwo ko su, da dare idan farin wata ya fito sai dandali: maza na langa da kokawa, 'yan mata na gaɗa. Kokawar Gungawa ta yi suna har wani masanin al'adu Ba'amurke, Frank Salamone, wanda ya yi bincike a Yauri a shekarun 1970, ya yi rubutu musamman a kanta, yana nuna cewa tana cikin abubuwan da Bagunge ke gane kansa da su. Wato kokawa ba wasa kawai ba ce, makaranta ce. A can saurayi ke samun suna, a can 'yan mata ke ganin wanda ya isa.

Ba ina cewa zamanin nan aljanna ba ne, a'a. An sha wuya. Akwai yunwa, akwai tsargiya, akwai makantar kogi, yara da yawa ba su kai shekara biyar ba. Abin da nake cewa shi ne, zaman dirshan bai kasance cikin cututtukansu ba.

To yaushe abin ya fara sauyawa? A nawa nazarin, hawa uku ne.

Hawa na farko, dam ɗin Kainji. An fara gina shi a 1964 zamanin Firimiya Abubakar Tafawa Ɓalewa, aka gama a 1968. Ruwa ya taru ya zama tafki mai tsawon fiye da kilomita 130, ya cinye tsohuwar Busa da gungu masu yawa da fadamu. Mutum sama da 40,000 aka tayar aka kai sababbin matsugunai na siminti, da yawansu mutanen ƙasar Yauri ne. Ba gidaje kaɗai ruwa ya ci ba. Ya ci lambunan albasa, ya ci mashigai da yara ke koyon iyo a ruwa marar zurfi, ya ci dandalin da aka gada. Wanda aka haifa a tsakiyar kogi ya wayi gari a tudu. Kuma tafki ba kamar kogi ba ne, faɗinsa da igiyarsa sun fi ƙarfin filafili a wurare da dama.

Wannan ya kai mu hawa na biyu, wato inji. Jirgin ruwa ya samu inji a gindi. Injin niƙa ya karɓi aikin turmi da dutsen niƙa. Injin ban-ruwa ya karɓi aikin ƙwarya. Babur ya karɓi aikin ƙafa da keke, har ta kai yau a cikin Yelwa tafiyar da ba ta fi minti goma ba sai ka ga matashi ya tsaya yana jiran ɗan kabu-kabu. Wallahi ba na zagin inji. Duk wanda ya ga uwarsa tana daka da asuba da goyo a baya ba zai zagi injin niƙa ba. Rahama ce. Amma fa aikin da inji ya ɗauke wa jiki, ba mu maye gurbinsa da komai ba.

Hawa na uku shi ne wanda muke ciki: waya da tsoro. Wayar salula ta shigo Najeriya a 2001, daga baya aka samu mai shafawa, da gidajen kallon ƙwallo, da TikTok. Yaron da ubansa ya yi suna a langa, shi ya san sunan kowane ɗan wasan Real Madrid amma bai taɓa yin gumi a fili ba. Sai kuma matsalar tsaro ta zo ta ƙarasa. Tun ranar 17 ga Yuni, 2021 da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri, wane uba ne hankalinsa ke kwanciya ɗansa na waje bayan magariba? A ƙauyukan Shanga da Ngaski da yawa, wasan dare ya zama tarihi, zuwa gona mai nisa ma sai an yi shahada. Ba na ganin laifin iyaye. Amma yaron da aka kulle a gida, me zai yi in ba zama da kallo da ciye-ciye ba?

In kuna son ganin ƙarshen irin wannan hanya, ku dubi Saudiyya, ƙasar da alhazanmu suka sani. Kafin a samu man fetur a Dammam a 1938, yawancin mutanenta makiyaya ne da manoman dabino da masunta da matafiya a kan raƙumi. Cikin shekaru kaɗan mota da na'urar sanyaya ɗaki da lemon kwalba suka sauya komai. Binciken da Farfesa Hazzaa Al-Hazzaa da abokan aikinsa suka yi a 2009 zuwa 2010 kan matasa kusan 2,900 'yan shekara 14 zuwa 19 a Riyad da Jidda da Al-Khobar ya gano cewa kashi 84 cikin 100 na maza da kashi 91 na mata suna wuce awa biyu kullum a gaban talabijin ko kwamfuta. Kusan rabin mazan da kashi uku cikin huɗu na matan ba sa samun motsin da ya kamata. Yau ciwon suga na cikin manyan matsalolinsu. Sai a 2017 suka fara darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata, a shekarar kuma suka sa harajin kashi 50 kan lemon kwalba da kashi 100 kan lemon ƙara kuzari.

Su fa suna da kuɗin asibiti. Mu fa?

Namu ma ya fi nasu haɗari ta wani gefen. Ƙididdigar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 66 cikin 100 na yaran jihar Kebbi 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure saboda ƙarancin abinci mai gina jiki, mafi yawa a duk Najeriya. Likitoci sun daɗe suna bayanin cewa jikin da ya tashi cikin rashi yakan saba da tattali, idan daga baya ya haɗu da suga da taliyar leda da zama wuri ɗaya, ya fi saurin kamuwa da ciwon suga da hawan jini. Ke nan a gida ɗaya za ka iya samun ƙaramin yaro mai tamowa da yayansa mai tumbi. Mu kuma a al'adance muna ganin yaro ya yi ɓul-ɓul sai mu ce masha Allah, hutu ya karɓe shi. Ba kowace ƙiba ce lafiya ba, jama'a.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu kaɗai, mutanen bakin ruwa. Mun ga abin da ya faru a watan Mayu na 2021, lokacin da jirgi ya nutse da mutane masu yawa a kusa da Wara, Allah Ya jiƙansu. Lodi fiye da kima da rashin rigar ruwa su ne manyan dalilai, amma ya tuna mana cewa a ƙasar Yauri iya iyo ba ado ba ne, makamin tsira ne. Yara nawa ne a cikin Yelwa yau suke iya haye ko da ɗan rafi?

To mene ne abin yi? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar aƙalla minti 60 na motsi mai sa gumi kowace rana. Wannan ba ya buƙatar kasafin biliyoyi.

Na ɗaya, a daina yanka filayen makarantu da na unguwa ana yin shaguna. Fili in ya tafi ba ya dawowa. Na biyu, tunda dare ya zama abin tsoro, a dawo da wasa bayan la'asar, cikin gari, da babba a kusa. Makarantun boko da na Islamiyya su ba da lokaci. Addini bai hana ba: an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha, ya kuma yi kokawa da Rukana. Na uku, kada a manta 'yan mata, don su aka fi kullewa. Tsakar gida ko harabar makarantar mata ta isa a yi gaɗa da tsallen igiya cikin sutura da mutunci. Na huɗu, bikin Rigata da masarauta ke ɗaukaka ƙarƙashin Mai Martaba Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, kada ya tsaya kallon kwana biyu a shekara. A ce kowace gunduma tana da ajin koyar da yara iyo da tuƙi a wuri mai aminci, Sarkawa da Gungawa su ne malamai, ai da mun jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Na biyar, kuɗin tara da muke ba yara, mu duba me suke saya da shi. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli da rogo da kifinmu sun fi lemon roba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kakanninmu ba su bar mana rijiyar mai ba, amma sun bar mana kogi da ƙarfin jiki da sanin ruwa. Ruwan Kainji ya ci gungunsu ba da son ransu ba. Wannan kuwa, in ya salwanta, da hannunmu muka sake shi.

Dattawanmu da ke nan, don Allah ku gaya mana wasannin da kuka yi a garuruwanku da sunayensu, ko yara sa ji. Allah Ya raya mana zuriya cikin lafiya, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Yauri da Najeriya baki ɗaya. Amin.