Ruwan kariyar: abin da ya kamata a sani game da wanka a tsofaffin ramukan dutse

Kariyar shi ne wurin da ake haƙar dutse, ko tsakuwa, ko yashi, ko jar ƙasa don ginin gidaje da shimfiɗa gudron. Idan kayan suka ƙare, ko aikin hanya ya wuce gaba, kamiyoyi su daina zuwa, ramin kuma ya tsaya nan baki buɗe. Damina ɗaya ko biyu ta ishe shi ya cika. Daga nan sai ya zama wurin wankan yara da samari, musamman lokacin hutun makaranta, daga Yuli zuwa Satumba, wanda shi ne kuma lokacin da ruwan ya fi yawa. Masu saurare da dama sun tambaye mu a kan waɗannan ramuka, har da ƴan uwa mazauna waje da ke ganin hotunan ƙannensu a WhatsApp suna tsalle cikin ruwa. Ga bayanin.

Ba duk ramukan ne iri ɗaya ba. Akwai na dutse zalla, irin na yankin Damagaram, inda garin Zinder kansa ke zaune bisa dutse mai tauri. Wannan dutsen ba ya shan ruwa, shi ya sa gina rijiya ke da wuya a can, shi ya sa kuma ruwan da ya taru a raminsa kan daɗe bai ƙafe ba. Akwai na jar ƙasa da ake gani gefen manyan hanyoyi. Akwai kuma na yashi da na laka, waɗanda suka fi yawa wajen Maradi da kewayen Yamai, da kududdufan da masu bulo ke bari bayan gari. Na yashi da na laka, bangonsu ne ke zubewa idan ya jiƙa. Na dutse bangonsa ba ya zubewa da sauƙi, amma yana da santsi, ba shi da wurin kamawa.

Abin da ya raba kariyar da tabki shi ne siffar gindinsa, kuma nan ne duk haɗarin yake. Tabki yana gangarawa sannu a hankali. Yaro zai shiga ruwa ya kai masa idon sawu, ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, idan ya ji tsoro ya juya. Kariyar kuwa injin ne ya yanke shi, hawa-hawa kamar matakala, kowane hawa da bangonsa a tsaye. Kana tafe ruwa iya gwiwa, taki ɗaya gaba sai ka ji babu ƙasa. Ruwan kuma ba ya nuna maka wannan gaɓar, don daga sama duk ɗaya yake. Yaron da ya girma yana wanka a tabkin garinsu yana ganin ya san ruwa, alhali abin da ya sani shi ne tsayawa da ƙafa cikin ruwa, ba iyo ba. Ni kaina sai da na girma na gane cewa abin da muke kira iyo muna yara, rabinsa tafiya ce bisa laka.

Sai abin da ke kwance a ƙasa. Manyan duwatsun da aka fasa ba a kwashe ba, guntayen ƙarfe, tsofaffin tayoyi, waya, da sharar da unguwa ke zubawa da rani lokacin da ramin yake bushe. Mai tsalle daga saman bango da kai bai san me zai tarar ba. Kuma zurfin yana sauyawa: wurin da aka yi tsalle lafiya a watan Agusta, a watan Nuwamba ruwa ya ja baya, dutse ya matso kusa.

Akwai maganar sanyi. Rana tana ɗumama saman ruwa ne kawai, na ƙasa yana nan da sanyinsa, don ruwan rami mai zurfi ba ya gauraya kamar na gulbi. A ƙasashen Turai wannan shi ne babban mai kisa, saboda ruwan da ya yi ƙasa da digiri 15 yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da sonsa ba, ya shaƙi ruwa. Namu bai cika kai wannan sanyin ba, amma bambancin sama da ƙasa kan firgita mai nutso, ga gajiya, ga jijiyar ƙafa da kan ɗaure. A garuruwa da yawa za ka ji ana cewa ramin kaza yana da iskoki, duk shekara sai ya ci mutum. Ba mu zo gardama da kowa ba. Amma duk ramin da aka ce yana ci, in ka je ka duba da rani, za ka ga bango a tsaye da zurfin da ya fi tsawon mutum biyu ko uku.

Abin ba a nan kaɗai yake ba. A Abuja akwai wani tsohon kariyar a unguwar Mpape, wanda aka fara fasa dutse a cikinsa a 1977 don ginin sabon babban birnin Najeriya. Bayan an bar shi ya cika da ruwa, a 2020 hotunansa suka bazu a intanet, jama'a suka riƙa tururuwa zuwa shan iska da ɗaukar hoto, har hukumar agajin gaggawa ta birnin ta ja kunnen masu zuwa. A Ingila kuma, kusa da garin Buxton, akwai wani rami mai ruwa shuɗi shar, gwanin kyau a hoto. Shuɗin nan daga ragowar farar ƙasar da aka ƙona a wurin yake, ruwan yana da kaifi kusa da na javel, yana cin fata da ido. Da gargaɗi ya ƙi ji, hukumar yankin ta zuba masa baƙin rini a 2013 don ya daina ba mutane sha'awa, ta sake a 2016 da 2020. Kyan launin ruwa dai ba shaidar tsabtarsa ba ce.

A wajenmu cutar da ta fi damuwa ita ce tsargiya. Ƙwayarta tana rayuwa cikin ƙananan katantanwa na ruwan da ke kwance, ta fito ta huda fatar mai wanka ba tare da ya ji komai ba. Bayan makonni sai a ga jini a ƙarshen fitsari. Wasu iyaye har yanzu suna ɗaukar wannan alamar balaga ce ga ɗa namiji. Ba balaga ba ce, cuta ce, kuma in ta daɗe tana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinta praziquantel, shi ne ƙwayar da ake rabawa a makarantu ana auna tsawon yaro da sanda, ana kuma samun sa a CSI. Sai dai yaron da ya sha magani ya koma ramin zai sake kamuwa. Kurkunu kam an rabu da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da haka ga Nijar a 2013, amma shan irin wannan ruwa yana nan yana kawo gudawa, gefensa kuma matattarar sauro ce.

Idan abin ya faru a gabanka, abu na farko da za a sani shi ne mai nutsewa ba ya ihu. Bakinsa yana fita yana komawa, ɗan numfashin da yake samu bai isa kira ba. Yara kan ɗauka wasa yake. Na biyu, kada wanda bai ƙware ba ya faɗa ceto, don mai nutsewa yana riƙe duk abin da ya taɓa, haka ake rasa wa da ƙane rana ɗaya. A kwanta a bakin ramin a miƙa masa gora, ko igiya, ko rawani, ko zane. Bidon lita 20 wanda babu komai ciki, an rufe bakinsa da kyau, yana iya riƙe babban mutum saman ruwa, kuma da wuya a rasa shi inda ake ɗibar ruwa. A jefa masa.

In an fito da shi, a bar al'adar nan ta ɗaga shi kai ƙasa ko danna masa ciki wai ruwa ya fita, ɓata lokaci ne. A duba numfashi. In yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe. In ba ya yi, a ɗaga haɓarsa a hura masa iska baki da baki sau biyar, sannan a danna tsakiyar ƙirji sau 30, a hura sau 2, a ci gaba haka, wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Ko ya farfaɗo ya ce lafiyarsa lau, a kai shi likita, don ruwan da ya shiga huhu kan tayar da matsala bayan awoyi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, yara da matasa ne da yawansu, kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa. Ranar ta faɗo daidai tsakiyar daminarmu.

Me ya sa ba a cike ramukan kawai? A ƙa'ida wanda ya haƙa shi ne ya kamata ya gyara wurin kafin ya tashi, kuma meri tana da ta cewa. Amma gaskiya mutanen gari da yawa ba sa so a cike. Nan dabbobi ke sha, nan mata ke wanki, nan masu bulo da masu lambun rani ke ɗiba, wasu har kifi suke zubawa. A ganina abin da ya fi sauƙi shi ne mai gari da matasa su zagaya ramin cikin watan Afrilu ko Mayu, lokacin da gindinsa ke fili, su ga inda bango ya yanke, su kafa alama ko shingen ƙaya a wajen, su rage gangara gefe ɗaya don masu ɗiba da dabbobi. Aikin nan da rani ake yin sa, don in ruwan farko ya sauka ba a ƙara ganin gaɓar sai baɗi.