Bol ɗin sitiyarin jirgin ruwa: yadda ake zaɓen girmansa da ƙarfinsa

A jirgin ruwa mai inji a baya, bol ɗaya ne ke haɗa sandar sitiyari da hannun injin. Idan ya kwance ko ya karye jirgi na gudu, injin zai juya gefe guda nan take, har ya iya watsar da mutane cikin ruwa. Saboda haka makanikan Nima da Maamobi da ke sayen kaya a kasuwar Abossey Okai, kusa da Sabon Zongo, domin jiragen gaɓar Accra ko na Yeji a tafkin Volta, su lura da abubuwa huɗu.

Na farko, kauri da tiredi. M8 na nufin kaurin bol milimita 8, M10 kuma milimita 10. Tazarar tiredin M8 da aka saba milimita 1.25 ce, ta M10 kuma 1.5. Lambar sifana, 13 ko 17, faɗin kan bol kawai take nunawa. Sai dai wasu injuna, kamar Mercury, da ma'aunin inci suke aiki a wannan mahaɗa: 3/8-24, wato kaurin milimita 9.5 da tiredi 24 a kowane inci. A ido ya yi kama da M10, amma idan aka tilasta wa ɗaya shiga ramin ɗaya, tiredin zai cinye. Bol ɗin da ya dace da yatsu yake fara shiga, ba tare da sifana ba.

Na biyu, lambar da ke kan bol. A ƙa'idar ISO 898-1, lamba 8.8 na nufin ƙarfen yana jure ja har megafaskal 800, yana kuma fara miƙewa a 640. M8 mai wannan lamba yana tsinkewa a kusan tan 3, M10 a sama da tan 4 da rabi. Mai lamba 4.6 rabin wannan ƙarfi gare shi. A bol ɗin Amurka, layi 3 a kai yana kusa da 8.8, layi 6 kuma kusa da 10.9. Wanda ba shi da wata alama, a bar shi a kanti.

Na uku, tsatsa. Ruwan teku na cin baƙin ƙarfe da sauri. Bol maras tsatsa mai alamar A4-70 ko A4-80 ya fi A2 jure gishiri. A shafa masa giris kafin ɗauri, musamman in zai shiga alminiyum, don kada ya manne.

Na huɗu, noti. Girgizar inji na kwance noti na gama-gari a hankali. A yi amfani da mai roba a ciki, wanda ke kulle kansa, a kuma tabbatar tiredi 2 sun fito bayansa. In an kwance shi, a sa sabo.

Idan bol ɗin kamfanin da ya ƙera injin yana samuwa, shi ya fi, a kuma ɗaure shi daidai da ma'aunin littafin injin. In za a je kasuwa, a tafi da tsohon a gwada. Kullum kafin a tashi, a riƙe sandar a jijjiga: in tana wasa, kada a ɗauki fasinja sai an gyara.