Labarin Waƙar da Ta Yi Shekara Goma Sha Shida Tana Jiran Ranarta

A cikin shekara ta 1964 wani mutumin Amurka mai suna Ed Cobb ya tsara wata waƙar rawa, ya sa mata suna Tainted Love, watau ƙauna wadda ta gurɓace. Wata baƙar mace, Gloria Jones, ita ce ta fara rera ta. Da aka buga faifan a 1965 sai aka sa waƙar a bayansa, gefen da ba a cika kula da shi ba. Faifan bai yi kasuwa ba, aka manta da shi.

Ana nan, a 1973, wani Bature mai sa faifai a gidajen rawa, Richard Searling, ya je Amurka ya tsinci faifan, ya komo da shi gida. A zamanin nan samarin arewacin Ingila, yawancinsu 'ya'yan ma'aikata, sun ɗauki al'adar kwana suna rawa da tsofaffin waƙoƙin baƙaƙen Amurka masu saurin kiɗa, musamman a garin Wigan. Nan waƙar ta sami masoya. Ganin haka Gloria ta sāke rera ta a 1976, amma wannan ma bai karɓu ba.

To, a birnin Leeds akwai waɗansu samari biyu, Marc Almond da Dave Ball, waɗanda suka haɗu a makarantar koyon sana'a a 1977, suka kira kansu Soft Cell. Ba su da makaɗa, ba su da mabusa. Almond shi ne mai waƙa, Ball kuwa yana latsa wani akwati mai aiki da lantarki, wanda ke fid da muryar ganga da ta sarewa da waɗansu muryoyi da kunne bai saba ji ba. Faifansu mai suna Memorabilia ya sami shiga gidajen rawa, amma bai sayu ba. Aka nuna musu cewa in na gaba ya faɗi, to, kamfani ba zai ƙara buga musu wani ba.

Sai suka ɗauko tsohuwar waƙar nan. Suka rage mata sauri, suka kawar da kayan kiɗan da aka yi ta da su tun farko, suka bar na'ura da muryar mutum ɗaya. Faifan ya fito a watan Yuli 1981. Kafin Satumba ta ƙare ya zama na ɗaya a Ingila, aka sayar da fiye da miliyan guda. A 1982 aka ba shi lambar waƙar da ta fi kowace a ƙasar. A Amurka kuwa ya hau a hankali har ya kai na 8, ya yi mako 43 cikin jerin waƙoƙi ɗari da aka fi saye, abin da wani faifai bai taɓa yi ba kafinsa.

Amma a nan ne aka yi kuskuren da ya kamata mai karatu ya lura da shi. Bisa dokar Turawa, duk faifan da aka sayar akwai rabon mai rerawa, akwai kuma rabon wanda ya tsara waƙar, ko tana gaba ko tana baya. Da samarin sun sa waƙar kansu a bayan faifan, da sun sami rabin kuɗin tsarawa. Maimakon haka sai suka sa wata tsohuwar waƙar Amurka ta 1964, Where Did Our Love Go. Saboda haka kuɗin tsarawa duka ya tafi ga waɗansu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Nauyin suna kuma ya dame su, gama duk inda suka je waƙar nan kaɗai ake roƙo, alhali ba tasu ba ce. Suka rabu a 1984, ko da yake sun sāke haɗuwa daga baya. Waƙar dai ba ta mutu ba, har Rihanna ta ɗebi kiɗanta ta sa cikin wata waƙarta a 2006. Wanda ya san hannunsa ga sana'a, ya kamata ya san dokar kasuwarta kuma tun bai kai kaya ba.